Ƙirƙirarriyar basira ta rubuta mini shafin kawuna: in sake shi haka?

Tambaya daga wata ɗaliba a Tawa: "Assalamu alaikum Yaya. Ina shekara ta biyu a fannin kwamfuta a jami'a. Kawuna dillalin albasa ne, yana loda motoci daga Galmi zuwa Abijan da Kumasi. Ya ce in yi masa shafin intanet inda masu saye za su riƙa yin odar buhuna. Na sa ChatGPT ya rubuta mini kusan komai cikin kwana uku, kuma yana aiki. In sake shi ga jama'a haka? Sannan ƴan ajinmu suna cewa koyon rubuta manhaja ya zama ɓata lokaci tunda inji na yi. Ina gaskiyar take?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ji daɗin tambayar nan, na kuma fi jin daɗin cewa kin yi ta tun shafin bai fita ba. Kada ki sake shi tukuna, kuma kada ki sassauta da karatu. Dalilin duka biyun ɗaya ne, shi zan warware miki.

Na daɗe ina wannan sana'a a nan Yamai, kuma ni ma kusan kullum sai na yi aiki da waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira. Tun da GitHub Copilot, mai taya rubuta manhaja, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen 2022, aikin da yakan ci mini yini guda ya koma na awa biyu. Wannan ba abin musu ba ne, kuma kwana ukun da kika yi ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Sai dai abin da suka sauƙaƙa shi ne rubutawa. Sanin ko abin da aka rubuta zai riƙe amanar mutane, wannan nauyin yana nan a wuyan wanda ya miƙa aikin. Ko Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da ya yi maganar wannan salo a farkon 2025, inda mutum ke faɗa wa inji abin da yake so ya karɓi kod ɗin, wato rubutun umarnin manhajar, bai karanta ba, da ƙananan ayyukan gwaji ya danganta shi, irin waɗanda ake yi a yar. Shafin da zai riƙe sunayen abokan cinikin Kawu da lambobin wayarsu da kuɗin mota guda ta albasa ba ya cikin irin waɗannan.

Kin ce yana aiki. A hannun wa ya yi aikin? A hannunki, ke mai kyakkyawar niyya, da ke cika kowane gurbi yadda ya kamata. Ranar da kika ɗora shi a intanet, baƙinki na farko ba ƴan kasuwar Abijan ba ne. Injuna ne da ke yawo dare da rana suna murɗa ƙofar kowane sabon shafi, babu ruwansu da na banki ne ko na albasa. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin da uwar garke ke rubuta masu shigowa, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ya gan su: suna neman ƙofar shiga ta WordPress, wata sananniyar manhajar gina shafuka, ko da shafin ba na WordPress ba ne, suna neman fayil ɗin da ake ajiye mabuɗan sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa tsagar kawai suke nema.

To, mu duba bangonki. Akwai gwajin da za ki iya yi yau da dare a kwamfutarki, ba sai kin kashe ko dala ba.

Fara da wanda na fi so, domin harshenmu da kansa yake tona shi. Je gurbin da mai saye ke rubuta sunansa, ki rubuta Sa'idu, ko Mas'ud, ko Rabi'atu. Idan shafin ya tsaya, ko ya fito da wani dogon saƙon kuskure mai ɗauke da SQL a ciki, to ƙofarki a buɗe take. Ga dalili. Shafinki yana magana da rumbun bayanai ta hanyar umarni, kuma a cikin harshen SQL wannan ɗan waƙafi na sama da ke tsakiyar Sa'idu shi ne alamar "nan zancen ya ƙare". Idan kod ɗin yana ɗaukar abin da mutum ya rubuta ya liƙa shi kai tsaye cikin umarnin, rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", abin da ya biyo baya kuma umarni ne. Sa'idu na gaskiya ba ya nufin komai, shafin kawai zai ƙi karɓar odarsa. Mai kutse kuwa, bayan waƙafin zai rubuta nasa umarnin: a fito masa da duk sunaye, ko a shigar da shi a matsayin mai shafi, ko a goge komai. Tun 1998 aka san wannan rauni, har yau ana cin shafuka da shi. Maganinsa ba hana mutane rubuta waƙafi ba ne, wannan zalunci ne ga masu sunan. Maganinsa shi ne a aika umarnin daban, bayanin daban, yadda rumbun ba zai taɓa ruɗa su ba. A harshen rubuta manhaja na PHP, wani kayan aiki mai suna PDO na yin haka cikin layi uku. Nemi kowane wuri a kod ɗinki da ake magana da rumbun, ki tabbata babu inda aka dunƙule su wuri ɗaya. Sau da yawa injin yana yin daidai a fayil ɗaya ya saki a wani, musamman idan an yi ta ce masa "ƙara wannan, gyara wancan" har zancen ya yi tsawo.

Na biyu ya fi wannan yawan faruwa, kuma ya fi wuyar gani, domin babu saƙon kuskure da zai fito. Buɗe asusu biyu a shafin, kamar masu saye biyu. Yi oda da na farko, ki duba adireshin da ke sama. Idan kika ga lamba a ƙarshensa, a ce 14, ki fita ki shiga da asusu na biyu, ki rubuta adireshin nan da hannunki. Idan odar mutum na farko ta buɗe, to duk wanda ya yi rajista zai iya zama ya ƙirga 1, 2, 3, ya karanta wa ya sayi buhu nawa, a kan nawa, da lambar wayarsa. Ki tuna yadda cinikin albasa yake. Abin da dillali ya fi ɓoyewa shi ne su wa ke saye a wurinsa da farashin da ya yi musu. Abokin hamayyar Kawu a Madawa ko Ƙonni ba ya buƙatar sanin kutse, ƙirga kawai zai iya. Ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP, mai fitar da jerin raunuka goma mafi haɗari a shafukan intanet, wannan ta sa a sahun farko a jerinta na 2021. Injin yakan tambayi "wannan mutumin ya shigo da kalmar sirri?" ya manta da tambaya ta biyu, "wannan odar tasa ce?" Kuma ba zai sani ba sai an faɗa masa, domin bai san wa ya halatta ya ga me a harkar Kawu ba. Ke kika sani.

Na uku, farashi. Danna F12 a burauzarki, ki duba fom ɗin oda. Idan kuɗin buhu na cikin abin da burauza ke aika wa uwar garke, ko da a ɓoye ne, mai saye na iya mayar da jika ashirin ta koma jika biyu kafin ya danna aika. Duk abin da ya fito daga wayar wani, ɗauke shi a matsayin iƙirari, ba hujja ba. Uwar garke ce za ta ɗauko farashi daga rumbu ta yi lissafin da kanta.

Daga nan ki leƙa rumbun ki ga yadda kalmomin sirrin mutane suke. Idan kina iya karanta su, an yi kuskure babba, domin mutanenmu kalma ɗaya suke sa wa Facebook da imel da komai. Dole a markaɗe su ta yadda ba za a iya dawo da su ba, da bcrypt ko Argon2, ba MD5 ba. PHP na da wannan a shirye. Sannan mabuɗan shafin kansa, wato kalmar sirrin rumbu da mabuɗin duk wata hidima da kika haɗa da shi, kada su zauna cikin kod. Idan kin taɓa tura su GitHub, shafin da ake ajiye kod, a ma'ajiyar da kowa ke gani, goge su bai wadatar ba, Git, manhajar da GitHub ke aiki da ita, na riƙe tarihin kowane sauyi, kuma akwai injunan da aikinsu kenan, tsintar irin waɗannan. Sai dai ki sauya su gaba ɗaya. Haka kuma kada ki riƙa liƙa mabuɗai ko bayanan masu saye cikin hirarki da ChatGPT don neman gyara.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu masu sana'ar a ƴan shekarun nan, kuma ban jin ana yawan koyar da shi a aji. Babu wanda ke rubuta manhaja daga tushe. Kowa aro yake yi. Kina buga umarni ɗaya a npm, ma'ajiyar da ake aro kod ɗin JavaScript, ƙunshin kod ɗari ko fiye su sauko kwamfutarki, na mutanen da ba ki taɓa jin sunansu ba, kuma kowanne na da ikon da naki kod ɗin ke da shi. A Maris 2016 wani ya janye ɗan ƙunshinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, ayyuka dubbai suka kasa haɗuwa a duniya. A Disamba 2021 aka bayyana rauni a Log4j, wani ƙunshi na Java da ke cikin manhajoji ba adadi, kamfanoni da yawa ma sai da suka yi bincike kafin su san suna da shi.

Wanda nake so ki yi nazari a kansa sosai shi ne na xz, a Maris 2024. Wannan ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, tsarin da yawancin uwar garke ke aiki da shi, kuma mutum ɗaya ne ke kula da ita shekara da shekaru, a kyauta. Sai wani ya bayyana da sunan Jia Tan, yana kawo gyare-gyare masu kyau, yana taimako, ba gaggawa. Wasu asusun kuma suna ta matsa wa mai kula da ita cewa ya yi sanyi, ya nemi mataimaki. Fiye da shekara guda ana haka, har aka ba Jia Tan ikon fitar da sabon zubi. Da ɗan gari akan ci gari. Ya dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta yaɗu za ta ba mai mabuɗin damar shiga uwar garke ta SSH, wato hanyar da ake sarrafa ta daga nesa, ba tare da izini ba. Yadda aka kama shi ne darasin. Wani injiniya a Microsoft, Andres Freund, mai aiki a kan PostgreSQL, ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin kwamfutarsa fiye da ƙima, tana kuma jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Bai ce ai yana aiki ba. Ya bi diddigi har ya tono abin, tun bai kai ga yawancin manyan zubin Linux da jama'a ke amfani da su ba. Rabin daƙiƙa, ƙanwata. Wanda bai san yadda abu ya saba tafiya ba, ba zai ji sa'ad da tafiyar ta sauya ba. Wannan sanin ne ƴan ajinku ke cewa ɓata lokaci ne.

Abin bai tsaya ba. A Satumba 2025 an yaudari wani mai kula da manyan ƙunshin npm, irin su chalk da debug, da imel na bogi, aka karɓe asusunsa aka cusa kod mai karkatar da kuɗin kirifto. A watan dai wata tsutsar manhaja da aka kira Shai-Hulud ta riƙa satar mabuɗan masu rubuta manhaja tana dasa kanta cikin ƙunshinsu, har ta shiga ɗaruruwa. Ga kuma wani sabo da ya shafe ki kai tsaye: wani lokaci ƙirƙirarriyar basira na ƙago sunan ƙunshin da babu shi, ta ce ki sauke. Masu mugun nufi sun gane haka, don haka suna iya yin rajistar irin waɗannan sunaye su zuba guba su jira. Saboda haka buɗe fayil ɗin da ke lissafa abin da shafinki ya dogara da shi, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan me yake yi mini? Wa ke kula da shi, yaushe aka sabunta shi, mutum nawa ke amfani da shi? Wanda ba ki iya faɗin amfaninsa ba, cire shi. Shafin odar albasa ba ya buƙatar ƙunshi arba'in.

Idan kuma wata rana kika koma WordPress, wanda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kansa, ki guji kayan ƙari da rigunan shafi na kuɗi da ake rabawa kyauta a ɓoye. An taɓa kawo mini shafin wani shago a nan Yamai, mai shi yana mamakin me ya sa idan aka neme shi a Google tallan caca ke fitowa da wani harshe. Yaron da ya gina masa ya sauko da irin wannan rigar ne don ya rage kashe kuɗi, ita kuwa da ƙofar bayanta ta zo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun share kwanaki muna tsabtacewa, kuma an daɗe kafin sunan shagon ya wanku.

Sauran ba su da wuya. HTTPS, mai ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin burauza da shafi, kyauta ne ta Let's Encrypt, kuma yawancin masu ba da hayar uwar garke na kunna shi da dannawa ɗaya. Tambayi wane zubin PHP suke ba ki; 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamba 2022. Riƙa ɗaukar kwafin rumbun kullum ki ajiye a wani wuri daban, kuma ki gwada mayar da shi ko sau ɗaya, domin da yawa sai ranar buƙata suke gane kwafinsu fanko ne. Ki kuma sa shafin ya yi sauƙi. Direban da ke tsaye a kan iyaka da rezo mai zuwa yana ɗaukewa, da ɗan forfe a waya, ba zai jira manyan hotuna ba.

Akwai wata ƙofa da ba a kod take ba, kuma a ganina ta nan aka fi cutar ƴan kasuwarmu: wayar Kawu. Duk harkarsa a WhatsApp take. Wani zai kira shi da ladabi, ya ce an sa shi cikin wani zauren ƴan kasuwa ko na ƴan garinsu, ya karanto lambobi shida da aka turo masa yanzu. Da ya karanta, asusunsa ya tafi, kafin la'asar an fara roƙon kuɗi da sunansa wajen mutanen Kumasi. Zauna da shi ki kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, ki faɗa masa cikin girmamawa cewa waɗannan lambobin ko ke kika tambaya kada ya bayar. Sannan shafin kada ya ɗauki hoton rasit a matsayin shaidar biya. Haɗa hoton bogi aikin minti biyar ne yanzu. Ko ta Nita aka turo, ko Amana, ko banki, sai an ga kuɗin a asusu kafin a ɗora buhu ɗaya a mota. Shawarata ma, a zubin farko kada shafin ya taɓa kuɗi sam. Ya karɓi oda, Kawu ya kira ya tabbatar kamar yadda ya saba.

Ki kuma sani da zarar kin fara tara sunaye da lambobin mutane, doka ta shigo. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke sa ido a kai, HAPDP. Karɓi abin da odar ke buƙata kawai. Ba ruwanki da hoton katin ɗan ƙasa. Akwai kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. Gwaje-gwajen nan da na koya miki, a kan naki shafin kaɗai za ki yi su. Gwada su a shafin wani ba da izininsa a rubuce ba laifi ne, ko da nufinki taimako. Na san matasa na jin ƙaiƙayin gwadawa idan sun koyi sabon abu. In kina son filin atisaye, OWASP na da wani shago na ƙarya mai suna Juice Shop da aka cika da raunuka da gangan, ki sauke shi a kwamfutarki ki yi ta fasawa.

Game da ƴan ajinku, ban ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Aikin da ake ba sabon shiga a da, na haɗa ɗan shafi mai sauƙi, ya yi arha, kuma wanda iyakar saninsa ke nan zai sha wuya. Amma duba abin da muka bi tun daga sama. Babu guda da za ki iya ganewa idan ba ki san yadda burauza ke magana da uwar garke ba, ko yadda SQL ke karanta umarni, ko abin da Git ke riƙewa. Kod ya yawaita fiye da kowane lokaci, masu iya karanta shi su ce nan akwai matsala ba su ƙaru da wannan saurin ba. Su nake nema idan zan ɗauki mutum aiki. Don haka ki riƙe harshe ɗaya da kyau, PHP ko Python ko JavaScript, har ki iya rubuta ƙaramin abu ba tare da taimako ba. Ki koyi SQL da HTTP da Linux da Git. Turanci ma ki ba shi lokaci, tunda mu da Faransanci muka tashi, alhali sanarwar raunuka da bayanan yawancin manhajoji da Turanci suke fara fitowa.

Injin kuwa ki mayar da shi malami. Ɗauki shafin nan fayil bayan fayil, ki ce ya yi miki bayanin kowane layi, ki tambaye shi me zai faru idan mai saye ya turo abin da ba a zata ba, sannan ki gwada da hannunki, domin yakan amsa da cikakken tabbaci ko da ya yi kuskure. Layin da ba ki iya yi wa Kawu bayaninsa da Hausa ba, bai kai ga fita ba. Wannan zai iya cin mako biyu ko uku, ki faɗa wa Kawu haka tun yanzu don kada ya sanar da mutanensa. In kin gama, fara da masu saye biyu ko uku da ya amince da su kafin a buɗe wa kowa.

Ki rubuto mini abin da kika gani, musamman na sunan Sa'idu da na lambar oda. Ki gaida Kawu da mutanen gida.